Allo na Biyar a Ƙofar Sashenmu

Takardar ta iso sashenmu ranar Litinin, ɗaya ga Maris na 1999. Shafi biyu ce. Za a mayar da kwalejinmu ta horon malamai jami'a, saboda haka kowane sashe zai miƙa sunansa da bayanin fanninsa cikin kalmomin da ba su wuce talatin ba. Bayan haka shugaban sashe zai tsaya gaban kwamitin mutum tara ya kare bayanin, cikin minti goma sha biyar. Sashen da ya gamsar da kwamitin cewa fannin ilimi ne zai ci gaba da ɗaukar ɗalibai. Wanda bai gamsar ba za a rufe shi, ko a mayar da shi ofishin hidima.

Ni ne sakataren sashe, ni nake rubuta abin da aka faɗa a taro. Sunana Pramono, manya kan ce mini Dik Pram, wato ƙane Pram. Mu shida ne malamai, ɗalibanmu tamanin da uku.

Na kai wa shugabanmu takardar, Pak Wardoyo. A wurinmu Pak ake sa wa namiji babba a gaban suna don girmamawa, Bu ga mace, Mas kuma ga matashi. Shekarunsa hamsin da takwas, saura biyu ya yi ritaya. Ya shigo kwalejin a 1968 a matsayin mai haska majigi, yana yawo da mota ƙauye-ƙauye yana nuna wa malaman firamare fina-finan tsafta da noman shinkafa. Daga baya ya yi karatu, ya zama malami, shi ya kafa sashen. A aljihun rigarsa kullum akwai abu biyu: alƙalami da wata ƙaramar sukudireba mai jan mariƙi.

Ya karanta takardar sau biyu, ya ajiye.

"Talatin," ya ce. "Ai sun yi mana yawa, Dik Pram. 'Yan lissafi kalma biyu za su rubuta su tafi cin abinci."

"Mu kuma fa, Pak?"

Sai ya ce in kira taro ranar Laraba.

Matsalarmu a kwalejin ba ɓoyayya ba ce. Ba wanda yake kiranmu da sunan da ke ƙofarmu. 'Yan majigi ake ce mana. Idan lasifika ta yi ƙara a wurin bikin yaye ɗalibai, mu ake waiwayowa. Idan ƙwan na'urar haska rubutu ya mutu a ajin tarihi, ƙofarmu ake bugawa. Kwalejin ba ta taɓa ɗaukar mai gyaran waɗannan kaya ba, don ba ta taɓa jin rashinsa ba. Pak Wardoyo bai taɓa cewa wani ya jira ba.

Allon da ke ƙofarmu shi ne na huɗu. Ukun farko suna bayan kabad a ofishina, Pak Wardoyo ya hana a zubar. Na farko ya ce Kayan Ji da Gani. Na biyu, Kafofin Koyarwa. Na uku, Fasahar Ilimi. Na huɗu, wanda ke rataye, Manhaja da Fasahar Ilimi, kuma ba wanda ya tuna dalilin da manhaja ta shigo.

Ranar Laraba aka kawo shayi mai zaƙi da soyayyen rogo, muka zauna. A sashenmu ba a kaɗa ƙuri'a. Ƙuri'a takan bar wani da kunya, kuma gobe tare za ku zauna ofis ɗaya. Sai dai a yi ta magana har bakin kowa ya zo ɗaya. Ba a kuma ce wa mutum a'a, balle babba. Abin da ake cewa shi ne, "Ya yi kyau ƙwarai, sai dai a ɗan ƙara."

Pak Wardoyo ne ya fara. Ya ce fanninmu shi ne ilimin amfani da majigi da rediyo da kaset da hotuna wajen koyarwa.

"Ya yi kyau ƙwarai, Pak," in ji Mas Danang, ƙaramin cikinmu, wanda ke kula da kwamfutoci bakwai da muke da su. "Sai dai a ɗan ƙara kwamfuta. Majigin nan naka, ko jikokinka ba su san shi ba."

"Majigina bai taɓa cinye wa ɗalibi aikin wata uku ba."

"Ai ba ya da cikin da zai ci, Pak."

Aka yi dariya, na rubuta kwamfuta.

Bu Retna ba ta yi dariya ba. Shekara huɗu da dawowarta daga karatu a waje, ita kaɗai ce mai digirin digirgir a cikinmu. Ta ce duk wannan jerin kaya ne, kamar takardar ɗakin ajiya. Ta ce likita ba ya bayyana aikinsa da sunan allura da almakashi. Aikinmu shi ne mu gano yadda mutum ke koyo, mu tsara darasi bisa haka, mu auna ko ya koya. Ko da alli da ƙasa ne, aikin yana nan.

"Ya yi kyau ƙwarai, Bu," in ji Pak Wardoyo. "A ƙara."

Na ƙara. Sauran malaman biyu kowa ya kawo nasa, ɗaya yana son horar da ma'aikata, ɗaya yana son karatu daga nesa. Da aka tashi, bayanin fanninmu ya kai kalma sittin da ɗaya. A taro na biyu muka zauna don ragewa, muka tashi da casa'in da huɗu. Ba wanda ya iya cewa a cire na wani. Kan suna kuwa, an kawo biyar, aka yaba wa dukansu.

Bayan taron na biyu na je cin abinci a rumfar kwaleji, wani malamin kimiyya ya ɗago daga kwanon shinkafarsa.

"'Yan majigi! An ce har yanzu kuna neman sunanku. Ku duba bayan kabad mana."

Labarin allunan ya fita ke nan. Na ci abincina na tashi.

Saura kwana shida Bu Retna ta shigo ofishin Pak Wardoyo, ina ciki. Ta rufe ƙofa, ba ta zauna ba. Ta ajiye masa takarda guda.

"Pak, ka yi mini afuwa. Zan yi abin da ba a yi."

"Zauna, Bu."

"A'a, Pak, in na zauna ba zan iya faɗa ba. Kalma casa'in da huɗun nan taron tsintsiya ne, ba shara. In ka karanta musu, sun rufe mu kafin ka kai tsakiya. Ga wannan. Kada a ƙara masa komai."

Ya ɗauka ya karanta a bayyane. A sama an rubuta Fasahar Koyarwa. A ƙasa: "Fasahar koyarwa ilimi ne na binciken yadda mutane ke koyo, da tsara darasi da kayansa bisa wannan binciken, da auna ko koyon ya samu."

Na ƙirga, kalma ashirin da huɗu.

"Ina majigi?" ya tambaya.

"Yana cikin kayansa, Pak."

"Rediyo fa?"

"Shi ma."

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce, "kin zuba su cikin kalma guda."

"Ko a zuba su cikin kalma guda, ko a zuba mu cikin ɗakin ajiya. Yara tamanin da uku, Pak. In an rufe sashen, takardar shaidarsu za ta ɗauki sunan abin da ba ya nan. Wa zai ɗauke su aiki?"

Ya daɗe yana kallon takardar. Ruwa ya fara sauka a kan rufin kwano, sai da ya ɗaga murya.

"Gaskiyarki ce. Na san gaskiyarki ce tun ranar da kika dawo. Ni ne na sa hannu aka tura ki, don ki dawo ki faɗi wannan."

"To saura abu ɗaya, Pak."

Ta nuna aljihunsa.

"Ranar nan ba na'ura. Ba za mu haska komai ba, da baki za ka faɗa. Kuma wannan ba za ta shiga zauren ba. Ko zauren zai kama da wuta, kai malami ne, ba mai gyara ba."

Ya zaro sukudirebar, ya juya ta a hannu, ya miƙo mini.

"Sa a aljihun tebur, Dik Pram. Matar nan za ta kwance ni tsirara."

A taro na uku ya karanta sabon bayanin ya ce shi ne nasa. Da yake daga bakinsa ya fito, ba wanda ya ce a ƙara. Mas Danang ya buɗe baki, ya kalli Bu Retna, ya cusa rogo a ciki.

Kwana biyar Pak Wardoyo yana haddacewa. Ya shirya misali guda da zai bayar. A 1984 an aiko mana da darussan lissafi na rediyo da aka yi wa makarantun kan dutse, yara ba sa fahimta, kowa ya ce rediyoyin ne ba su da kyau. Shi da ɗalibansa suka zauna a aji goma sha biyu suna kallon yara. Suka gano mai karanta darasin ba ya dakatawa bayan tambaya, kafin yaro ya ƙirga da yatsu an wuce. Suka sake tsara darussan da shiru na daƙiƙa takwas bayan kowace tambaya, rediyon bai canza ba, sakamakon ya canza. Bu Retna ta ce wannan labarin kaɗai ya isa. Na riƙe masa agogo sau uku: bayani da misali minti tara ne, saura shida na tambayoyi.

Ranar Alhamis, ashirin da biyar ga wata, aka kira mu ƙarfe goma da rabi na safe, bayan sashen tarihi. Pak Wardoyo ya sa rigarsa ta biki mai ruwan ƙasa. Ni da Bu Retna muka zauna a kujerun gefe. 'Yan kwamitin suna bayan dogon tebur mai koren mayafi, a tsakiyarsu shugabansu, Farfesa Sastro, mai shekara saba'in da ɗaya. Shi ya koyar da rabin mutanen da ke zauren, har da Pak Wardoyo. Kunnensa ya yi nauyi, saboda haka aka ajiye masa ƙaramar lasifika kusa da gwiwar hannunsa. Ana ruwa tun safe.

Magatakardan kwamiti ya danna agogo. Pak Wardoyo ya yi gaisuwa, ya faɗi sunan sashen kamar yadda muke so a kira shi. Ya fara bayanin. Ya kai "yadda mutane ke koyo" sai lasifikar ta yi wata doguwar ƙara, ta yi tari biyu, ta mutu.

Ya ci gaba da baki, ya ɗaga murya. Ruwan ya fi shi ƙarfi. Farfesa Sastro ya kanga hannu a kunne, ya ɗan bubbuga lasifikar da yatsa, ya waiwaya hagu da dama. 'Yan kwamitin takwas duk suka kalli wuri ɗaya, inda suka saba kallo.

"War," in ji Farfesan, da sunan da yake kiransa tun yana ɗalibi. "Ba na jin ka, ɗana. Ko za ka ɗan duba mana ita? Kai ka san halinta."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Na tabbata da wannan, na ga fuskarsa.

Akwai abin da za a iya yi. Pak Wardoyo yana iya matsawa kusa da kunnen tsohon ya ƙarasa. Yana iya roƙon a tsayar da agogo. Yana iya cewa Pramono ya duba. Duk waɗannan mun lissafa su daga baya, a ofis, sau da yawa. A lokacin kuwa malaminsa ne ya roƙe shi a gaban jama'a, kuma ya riga ya ji irin tarin da lasifikar ta yi. Na ga kansa ya ɗan karkata, yadda yake yi idan ya gane ciwon na'ura daga sautinta.

"Pak," in ji Bu Retna, ƙasa-ƙasa.

"Minti ɗaya ne, Bu. Waya ce ta saki."

Ya ɗage koren mayafin, ya durƙusa, ya shiga ƙarƙashin teburin. Ƙafafunsa kawai muke gani, da takalman da ya goge da safe. Magatakarda bai tsayar da agogo ba, don ba wanda ya ce ya tsayar. Bayan minti biyu hannun Pak Wardoyo ya fito ta bayan mayafin, tafin a buɗe, yatsun suna motsi. Bai ko leƙo ba.

Sukudirebar tana cikin jakata. Da safe na buɗe aljihun tebur don ɗaukar alƙalami, na gan ta, na jefa ta ciki. Ban yi tunanin komai ba. Shekara goma sha ɗaya ina bin sa taro, ban taɓa ganin ya shiga zaure ba ita ba, kuma ba a taɓa fita ba a buƙace ta ba.

Na tashi na sa masa a hannu.

Ba waya ba ce kaɗai. Danshi ya shiga akwatin da ke ƙara sauti, sai da ya kwance murfin, ya goge, ya kankare wani ƙarfe, ya mayar. 'Yan kwamitin suna ta hira. Ɗaya ya ba da labarin ranar da Pak Wardoyo ya ceci bikin yaye ɗalibai da igiyar takalmi. Wani ya ce a gidansa ma shi ya gyara talabijin. Bu Retna tana kallon agogon bango.

Minti goma sha ɗaya ya ɗauka. Da ya fito, gwiwoyin wandonsa sun yi fari da ƙura. Ya hura makirufo sau biyu, sautin ya fito garau, ya fi na da. Suka tafa masa, dukansu tara.

"Kun gani?" in ji Farfesa Sastro, yana murmushi. "Wasu sai sun cika mu da surutu kafin mu san amfaninsu. Su War kuwa, ba sai an faɗa ba."

Magatakarda ya ce saura minti biyu. Pak Wardoyo ya tsaya, sukudireba a hannu, ya faɗi kalmomin ashirin da huɗu daga farko har ƙarshe, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Kowa ya ji su sarai. Ya fara labarin rediyon makarantun kan dutse, ya kai inda kowa ya ce rediyoyin ne ba su da kyau, agogo ya buga.

"Kuma ka gyara su, na sani," in ji Farfesan. "Akwai mai tambaya?"

Babu. Aka kira sashen wasanni.

A baranda muka tsaya jiran ruwa ya tsagaita. Mas Danang ya taho da lema yana tambayar yadda aka yi. Bu Retna ta juyo wurina.

"Wa ya kawo sukudirebar?" Bu Retna ta tambaye ni.

"Ni ne, Bu."

"Da ba ka kawo ba, da da mukullin gidansa zai kwance," ta ce. Ta karɓi lemar daga hannun Danang ta shiga ruwan.

Hukuncin ya fito bayan mako uku, sakin layi huɗu. Na farko ya yaba wa sashen bisa hidimar shekara talatin da ɗaya, ya ambaci Pak Wardoyo da suna. Na biyu ya ce kwamitin ya gamsu cewa sabuwar jami'a ba za ta iya tafiya ba tare da wannan hidima ba, don haka an ɗaga ta zuwa ofishi mai zaman kansa a ƙarƙashin magatakardan jami'a, mai suna Ofishin Kula da Kayan Koyarwa. Na uku ya ce ba za a sake ɗaukar ɗalibai ba, waɗanda ke ciki za a raba su ga wasu sassan. Na huɗu ya naɗa Pak Wardoyo shugaban ofishin. Kalmominmu ashirin da huɗu ba su fito a ko'ina ba.

Mun rubuta takardar neman a sake dubawa. An amsa cikin ladabi cewa kwamitin ya gama aikinsa, an sallame shi.

Ɗalibai goma sha tara 'yan ajin ƙarshe suka zo a ƙungiya suna tambayar sunan da za a rubuta a takardar shaidarsu. Na aika su ofishin magatakarda, can aka aiko su wurina. Bu Retna ta nemi canjin wurin aiki, kafin ya fito aka tura ta sashen ilimin yara, tana koyar da darasi ɗaya a mako. Mas Danang ya bi kwamfutocinsa bakwai zuwa sashen lissafi. Ni aka bar ni a ofishin, ina rubuta sunan wanda ya ari na'ura da ranar da zai dawo da ita.

Sabon allon ya iso a watan Yuni, fari da shuɗin rubutu. Ma'aikatan gini biyu suka kawo shi, suka cire na huɗu suka jingine a bango, suka kafa sabon da ƙusa. Pak Wardoyo ya fito ya tsaya a tsakiyar baranda yana kallo.

"Ya karkace," ya ce.

"Daidai yake, Pak," in ji ɗaya daga cikinsu.

"Ya karkace ta hagu. Kuma ba a kafa allo da ƙusa, katakon zai tsage kafin damina. Ku bari."

Suka bari, suka tafi. Ya sa na kawo kujera na riƙe masa. Ya hau, ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya laluba aljihunsa ya zaro sukudirebar. Sai da ya sauko sau biyu ya ja baya ya duba, kafin ya ɗaure na ƙarshe.

"Wancan fa, Pak?" Na nuna allo na huɗu.

"Kai shi wurin 'yan'uwansa."

Na ɗauka. Kafin in kai ƙofar ofishina wani malamin tarihi ya leƙo daga ƙarshen baranda, ya ce ƙwan na'urarsu ya mutu, aji yana jira.

"Ga ni nan," in ji Pak Wardoyo.